Yadda Aka Gyara Motar Baba

Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da mahaifinmu a bakin rijiyar gida, wata safiya yana ɗibar ruwan alwala. Ya yi watanni a kwance. Da ya tashi, bakinsa ya ɗan miƙe, hannun hagu ya ɗan dawo har yana iya riƙe kofi idan ba a cika shi ba, amma ƙafar hagu ta tafi ke nan. Jan ta yake yi, tana barin layi a tsakar gida kamar an ja reshe.

A lokacin aurena ya riga ya mutu, na dawo gidanmu na Sintali. Da safe ina koyarwa a wata firamare, in dawo in ɗora tukunya. Dada, mahaifiyarmu, ta daɗe da rasuwa, daga ni sai Baba a gidan. Yayana, wanda muke kira Hamma, yana da nasa gidan a Yelwa da shagon kayan gini. Tun da Baba ya kwanta shi ke riƙe da komai: shanun da ke hannun makiyayi a bayan gari, sayen magani, har katin karɓar fansho.

Baba tsohon malamin dabbobi ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana bin rugage da allura, kuma yadda yake yi wa shanu haka yake yi wa mutane: a kama, a kayar, a yi abin da za a yi, ba lallashi. Ban taɓa jin ya ce wa ɗayanmu sannu ba. Ba zan gyara masa hali don ya tsufa ba, mutum ne mai wuyar zama.

Motar ya saye ta ne da kuɗin sallamar aiki. 'Yar Kwatano ce, doguwa, ruwan toka, ta riga ta sha duniya kafin ta iso hannunsa. Otomatik ce, wato mai sauya giya da kanta, ba ta da kuloci, daga totur sai birki. Abokansa sun yi ta tsokanarsa wai ya sayi motar matan aure. Bayan ciwon babu wanda ya sake faɗin haka. Zai dogara sanda har bakin motar, ya zauna a kujera, ya sa hannun dama ya ɗago ƙafar hagu ya shigar da ita kamar kaya, ya ja ƙofa. Daga nan ya zama cikakken mutum. Ƙafar dama ta ishe shi, ya ja sandar giya sau ɗaya, shi ke nan. Yana zuwa masallacin Juma'a, yana zuwa majalisar tsofaffin abokan aikinsa, yana zuwa ya ga shanunsa. Wanda ya hango shi ta taga ba zai ce akwai abin da ya same shi ba, shi ma ya san haka. Ba ya gudu, ba ya kuma ba kowa makulli. Na taɓa roƙonsa ya koya mini tuƙi, ya ce motarsa ba allon makaranta ba ce.

Da wata damina motar ta fara nuna hali. Da safe idan ya tayar da ita ya ja giya, sai ta yi shiru kamar ba da ita ake ba. Ya jira, ya jira, can a ji ƙum daga ƙarƙashi, ta zabura gaba har ƙeyata ta bugi kujera. Ya ce sanyin damina ne. Daga baya kuma, idan ta yi zafi, sai injin ya riƙa ɗaga murya amma tafiyar ba ta ƙaru ba, kamar mai gudu a cikin yashi. Ya ce fetur ɗin zamani ne. Duk abin da ta yi yana da uzurin da zai ba ta, shi da bai taɓa karɓar uzurin ɗan Adam ba.

Akwai bakanike a ƙarshen layinmu, ƙarƙashin mangwaro. Da muka kai masa ita, ya zaro siririn ƙarfen gwajin man giya, ya goga a farar takarda ya nuna mana. Ya ce man nan yana sabo ja ne kamar zoɓo. Namu ya koma kalar shayin da aka manta a wuta, yana warin ƙauri.

"Mai ne kawai ya tsufa, Baba," in ji shi. "A zubar, a zuba sabo, ka huta."

Aka zubar, aka zuba. Ta yi lafiya 'yan kwanaki, Baba har yana fito a hanya. Sannan ta dawo da halinta fiye da da. Wata rana a ƙofar gida ya ja giyar ribas, injin ya yi ta kuka, motar ko motsi. Da muka koma wajen mai mangwaro ya ce shi injin ya iya, giyar otomatik aikin aljannu ce, mu nemi masu ita.

Baba bai nema ba. Ya koyi rayuwa ba ribas. Idan zai je masallaci sai ya ajiye motar can nesa, inda babu wanda zai tare masa gaba, ya ja ƙafarsa a cikin rana har sahu. A gida ya daina shigar da ita, yana zagayo layi ya tsaya a bakin hanya. Idan wani ya ajiye keke a gabansa, ni ce mai fita in nemo mai shi.

Ranar da motar ta tona mana asiri muna dawowa daga asibiti ne, na raka shi awon jini. An yi ruwa da safe, hanya ta cushe wajen gadar Mayo Gwoi. Muka tsaya a wani ɗan hawa. Da layi ya motsa Baba ya taka totur, injin ya kurma ihu, motar kuwa ta fara sulalewa baya a hankali. Ya taka birki. Ya sake gwadawa, haka dai. 'Yan keke mai ƙafa uku suka cika mu da oda. Wani ya zagayo ta gefenmu ya leƙo.

"Tsoho, wannan gawar maƙabarta za ka kai ta, ba kan titi ba!"

Wani kuma ya sauko daga kekensa ya buɗe ƙofar Baba ba sallama, wai zai taimaka. Ya ga sandar, ya ga ƙafar a karkace inda aka ajiye ta. Ya juya wa 'yan uwansa yana dariya.

"Ku zo ku gani, mota gurguwa, direba gurgu!"

Na san bakin mahaifina. Na jira ya wanke yaron tas. Amma sai ya zuba wa sitiyari ido kawai. Ni na fita da hijabina da takalmin zuwa unguwa na shiga tura mota a cikin taɓo. Wasu mutum biyu suka kama mini, wasu kuma suna ɗaukar mu a waya. Da muka gangarar da ita gefe na dawo ina haki, Baba ya dube ni sama da ƙasa.

"Ko turin mota ba ki iya ba," ya ce.

Garejin masu giyar otomatik ba shi da nisa da wajen, da igiya aka ja mu. Mai garejin wani Bamumuye ne, gajere mai faɗin ƙirji, kowa na ce masa Oga, Hausarsa ba ta gama nuna ba. Ba shi da yawan magana kuma bai damu da ya burge kowa ba. Ya jona wata 'yar kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari, ya duba, ya taɓe baki ya ce ba ta faɗi abin kirki ba, motar ta girme ta. Ya tayar da injin, ya taka birki, ya bi da sandar giya gida-gida yana saurare. Sannan aka tura ta kan rami, ya kwance farantin da ke ƙarƙashin giyabos ɗin ya fito da shi ya ajiye a gaban Baba.

A gindin farantin akwai wani baƙin laka. Ya lakato da yatsa ya murza a tafin hannun Baba, ya yi ƙyalli-ƙyalli kamar tozali. Akwai ɗan maganaɗisu a ciki, ya yi gashi da garin ƙarfe.

"Motar ka ya ci kansa, Baba," ya ce. "Wannan baƙin, faifan ciki ne, ya cinye. Wannan mai ƙyalli, ƙarfe ne. Wa ya canja maka mai?"

Baba ya faɗa masa.

"Dattin nan ne yake riƙe shi yana tafiya. An wanke datti, ba abin da zai kama. Amma ko ba a canja ba, ya kusa."

Ya kuma nuna mana inda lagireto ya fara yoyo ta ciki, ruwa yana haɗuwa da man giya. Ya ce duk gyaran da za a yi sai an haɗa da wannan, in ba haka ba an zuba ruwa a kwando.

Baba ya tambaye shi abin yi. Oga ya ce hanya biyu ce. Ko a sauke giyabos ɗin a buɗe shi a canja faya-fayan, wannan da sauƙi-sauƙi, amma shi ba ya rantsuwa a kansa, wani ya yi shekara, wani ya dawo kafin Sallah. Ko kuma a aika kudu a sayo ɗan Beljiyam, wanda aka ciro daga wata motar a ƙasar waje, a ɗora shi gaba ɗaya. Da ya faɗi kuɗin na biyun na ɗauka ban ji daidai ba. Ya kusa kai abin da motar za ta yi idan aka sa ta a kasuwa da lafiyarta.

Baba bai girgiza ba. Ya ce in kira masa Hamma.

Hamma ya zo washegari da rana, muka haɗu a garejin. Ya gaida Baba a tsaye, makullin shago na kaɗawa a hannunsa. An ba Baba wani tsohon kushin mota ya zauna a inuwar bango, sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Oga ya maimaita bayaninsa.

"Ɗan Beljiyam za a sa," Baba ya ce. "Ka sayar da jan bijimin nan. Idan bai isa ba ka haɗa da karsana ɗaya."

"Baba, a sayar da abin da ke haihuwa a zuba a abin da ke mutuwa?"

"Shanuna ne."

"Naka ne," in ji Hamma a hankali. "Amma ai ba kai kaɗai ke da rabo a cikinsu ba yanzu."

Oga ya sunkuyar da kai yana goge sifana. Ni na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Maganar gado ce Hamma ya yi, mai dukiyar na zaune yana numfashi.

Ya juya wajen Oga. "Idan an sa ɗan Beljiyam ɗin, zai yi shekara nawa?"

"In an kula da shi zai daɗe. Zai yi shekaru."

Hamma ya dubi mahaifinmu, daga hularsa har zuwa ƙafar da ke kwance a ƙasa.

"To ka ga ai ya yi yawa," ya ce.

Ya yi 'yar dariya, wai wasa yake yi. Babu wanda ya taya shi. Baba ya ɗaga sanda kaɗan daga ƙasa, irin ɗagawar da muka sani tun muna yara, sannan ya mayar da ita.

Oga, ina jin don ya kashe shirun, ya ce akwai kuma gyaran talaka. Wasu suna cire na otomatik ɗin gaba ɗaya su mayar da mota manuwal, mai kuloci. Kayan suna nan birjik a wajen masu fasa motoci, kuɗin bai kai rabi ba, kuma ba ta sake ba mutum ciwon kai.

"In taka kulocin da wace ƙafar?" Baba ya ce.

Oga ya dubi ƙafar. "Gaskiya ne, Baba. Na manta."

Hamma ya ja Oga gefe suka yi magana, ya dawo ya ce a bar motar a nan, zai gyara. Ya tsayar mana da keke ya biya.

Zaman jiran nan ya canja Baba. Kullum da hantsi zai sa in fitar masa da kujera ƙofar gida. Duk wanda ya wuce ya tambayi mota, zai ce tana gareji, an aika kudu a kawo mata sabon giyabos, babban yaronsa ne ya tsaya a kai. Wata rana na ji ya kira Hamma a waya da kansa, abin da ba ya yi. Ya yi gyaran murya sau biyu, ya tambayi yara, sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Ya kashe wayar da sauri kamar ta ƙone shi. Na girma a gidan nan ban taɓa jin wannan kalmar daga bakinsa ba. Har na ji kishi.

Ranar da za a kawo ta ya sa na goge masa farar kaftani. Bayan la'asar muka ji oda. Hamma ne da kansa ya tuƙo ta, an wanke ta tana sheƙi. Ya wuce ƙofar gida kaɗan, sannan ya dawo da baya, sumul, ya tsaya daidai gaban kujerar Baba. Maƙwabta suka fito. Mai shagon kusa da mu ya ce, "Kai, har ribas ya dawo!" Baba ya yi murmushi da rabin bakinsa mai kyau.

Hamma ya fito ya bar ƙofa a buɗe, ya miƙa masa makulli da hannu biyu.

Baba ya dogara sanda ya isa. Ya zauna, ya ɗago ƙafar ya shigar da ita. Ya kai hannun dama inda ya saba, ya tarar da wata sanda daban, mai dunƙulallen kai, tana lilo hagu da dama. Ya cire hannun. Ya sunkuya ya duba ƙasa. Ina tsaye kusa da ƙofar, na bi idonsa. Abin takawa uku ne. Na ukun, na hagun, ya fi sauran tsatsa, an ciro shi daga wata motar.

Ya daɗe a sunkuye.

"Mene ne wannan?" ya ce, bai ɗago ba.

"Gyara ne, Baba. Yanzu ba za ta sake tsaya maka a hanya ba. Oga ya ce har Yola za ta je ta dawo."

"Na ce maka ɗan Beljiyam."

"Ka ce. Ni kuma na duba abin da zai yiwu."

Da Baba ya fito a lokacin, da abin ya zo da sauƙi. Amma mutane na kallo, shi kuma bai taɓa sauka daga kan magana a gaban mutane ba. Ya ja ƙofa ya rufe. Ya ɗauki sandarsa ya dasa bakinta a kan kulocin, ya danna da hannun hagu, wannan hannun da ba ya iya riƙe cikakken kofi. Ya tayar da injin. Ya tura giya da dama, ta yi ƙara kamar ana niƙa tsakuwa. Sandar ta zame, motar ta yi tsalle ɗaya ta mutu. Yaran layi suka fashe da dariya, wata mata ta kore su.

"Baba, don Allah ka bari," na ce.

Bai ko kalle ni ba. Ya sake dasa sandar, wannan karon ya haɗa da kafaɗa. Gumi ya jiƙa wuyan kaftanin. Giyar ta shiga, ya saki, motar ta zabura ta hau dakalin maƙwabcinmu ta ture durom ɗin ruwa, fitilar gaba ɗaya ta tarwatse. Ruwan ya malalo har ƙafafunmu.

Hamma ya taka a hankali, ya zura hannu ta taga ya zare makullin. Ya juya wajen mutanen da suka taru, ba wajen Baba ba.

"Kun gani ko? Abin da nake gudu ke nan. Yau durom ne, gobe ɗan wani ne."

Wasu suka gyaɗa kai. Har mai shagon da ya yi murnar ribas ya ce gaskiya ne, girma ya zo, hutu ya kamata. Maza biyu suka fito da Baba daga motar suka shigar da shi gida a tallafe, hularsa a hannuna. Tun da ya warke ba a taɓa ɗaukarsa ba sai ranar.

Na bi Hamma waje kafin ya tafi.

"Hamma, ka san abin da ka yi."

"Na gyara mota. Ke me kika sa a ciki?"

"Kana wajen ya ce ba shi da ƙafar kuloci. Da kunnenka ka ji."

"Na ji." Ya buɗe ƙofar ya zauna a kujerar Baba, ya ja ta baya don ta ishe shi. "Kin san har na yi gemu mutumin nan bai bar ni na taɓa sitiyarinsa ba? Ina saurayi na jingina da tsohuwar motarsa a kasuwa, ya mare ni a gaban abokaina, ya ce in tako gida a ƙasa. Ke kina ƙarama. Yanzu ni ne mugu don na hana shi kashe kansa?"

"Da sai ka karɓe makullin kawai. Me ya sa ka bar shi ya sa kaftani?"

Ya taka kuloci, ya ja motar ya tafi, fasasshiyar fitilar na reto.

Bayan kwana biyu na koma garejin ni kaɗai, na tambayi Oga ko ana iya mayar da ita yadda take. Ya ce an yanke wayoyi, an huda ƙasan motar, tsohon giyabos ɗin ma 'yan gwangwan sun ɗora a sikeli sun tafi da shi. Na ce masa ai ya ga ƙafar tsohon da idonsa. Ya ɗaga kafaɗa.

"Hajiya, wanda ya biya shi ne mai mota."

Motar ta koma shagon Hamma. Aka cire kujerun baya, aka ɗaura mata ƙarfe a sama. Siminti take ɗauka da rodi da kwanon rufi, kuma gaskiyar Oga, ba ta sake tsayawa a hanya ba. Direban shagon ya gano cewa layinmu yanke ne zuwa inda ake sababbin gine-gine, don haka kusan kullum sai ta wuce ta ƙofar gidanmu, gindinta na jan ƙasa saboda nauyi. Baba ya san kukan injinta tun daga kwana. Idan ya ji, zai daina taunar abin da ke bakinsa har ta wuce.

Keke ya ƙi shiga da farko. Ya ce ba zai zauna a bayan yaron da ya zage shi ba, kuma a wajensa duk 'yan keke yaro ɗaya ne. Ya bar zuwa masallacin Juma'a, ya koma na layi. Abokan majalisa suka zo sau ɗaya, suka zo sau biyu, su ma tsofaffi ne, kowa da ciwonsa. Shanun bai sake ganinsu ba sai a hoton wayar Hamma. Ƙafar dama, mai lafiyar, ta fara kumbura saboda zama.

Fushin kuwa a kaina ya sauka, don ni ce a kusa. Miya ta yi gishiri, shayi ya huce, tafiyata tana da ƙara. Wata rana ya jefe ni da kofi ya ce da ni namiji ce da ba a yi masa haka ba. Wata rana kuma ya ce da ni macen kirki ce da ina ɗakin mijina ban ga wulaƙancinsa ba. Idan Hamma ya zo ran Juma'a da ledar magani, Baba zai amsa gaisuwarsa lafiya lau, har ya tambayi kasuwa. Ya san hannun da maganin ke fitowa. Sai bayan ya tafi ne za a kira ni a tambaye ni dalilin da ya sa na bar tabarma a karkace.

Yana nan da ransa har yau da nake rubuta wannan. Ya rame, ya rage magana, asibiti kuma a keke nake kai shi yanzu, ni da direban mu kama shi mu saka.

Bara, gab da babbar Sallah, Hamma ya sayi sabuwar mota, baƙa, mai tsayi. Ya kawo ta gida don Baba ya sa mata albarka, kamar yadda ake yi. Ya zo da matarsa da yaransa da abokan kasuwa biyu. Aka fito da Baba a kujera har bakin titi. Hamma ya buɗe ƙofar direba don ya ga ciki, ƙamshin sabuwar leda ya bugo mu.

"Otomatik ce, Baba," ya ce. "Gwiwata ta fara damuna, likita ya ce in rage taka kuloci."

Ban san ko da gangan ya faɗa ba. Na dubi fuskarsa ban ga komai ba sai murnar mai sabon abu.

Baba ya miƙa hannun dama ya ɗora a jikin motar. Ya yi addu'a cikakkiya, bai rage komai ba: Allah ya tsare hanya, ya kare daga sharrin ƙarfe, ya sa a kashe lafiya. Kowa ya shafa. Matar Hamma ta ajiye masa shadda da turare a cinya. Suka ɗuru a motar, yara na rigimar wanda zai zauna gaba, za su je su nuna wa surukai. Babu wanda ya ce Baba ya shigo a zaga da shi ko zuwa ƙarshen layi.

Muka rage mu biyu a bakin titi. Na sunkuya zan ɗaga shi, ya ce in dakata. Ya ce in kawo masa buta tukuna. Na kawo, na zuba masa, ya wanke hannun da ya ɗora a motar har wuyan hannu, ya yarfe. Sannan ya ce shaddar ta yi masa nauyi a ƙafa, in ɗauke ta.